MARIGAYI BABA YARA, SARKIN 'YAN GEFE NA AFIRKA TA YAMMA

Kwanan baya mun fita rangadin duba makarantu a ƙasar Birnin Gwari, aiki ya kai mu Gayam, la'asar ta same mu can. Bayan an yi salla sai yara suka taru a filin makaranta, suka kafa duwatsu biyu nan biyu can a madadin raga, suka shiga buga tamaula ba takalmi, ƙura na tashi. Muka tsaya kallo tare da malaminsu. Akwai wani ɗan siriri a cikinsu wanda ba ya rabuwa da gefen dama. In tamaula ta zo masa sai ya bi bakin fili da ita a guje, ya yanke na gabansa, ya aiko ta tsakiya. Da suka zauna hutawa muka ce masa wasan Baba Yara ke nan yake yi. Yaro ya yi shiru. Sai wani babba a cikinsu ya ce ai Baba Yara ba mutum ba ne, filin ƙwallo ne a ƙasar Gana, can 'yan wasan Nijeriya suka je a 2022, shi ya ji da kunnensa a rediyo. Sauran suka goyi bayansa. Sunayen 'yan wasan Ingila da na Sifen kuwa, har da lambar rigar kowa, ba wanda ba su kawo mana ba.

Ba mu ga laifin yaran ba, domin abin da aka gaya musu shi suka riƙe, kuma rabin maganarsu gaskiya ce. Filin yana nan a birnin Kumasi, yana ɗaukar mutum wajen 40,000. Amma tun kafin a sa wa ginin wannan suna akwai wanda ya amsa shi. Shekara 32 ya yi a duniya. Takwas daga cikinsu yana gudu a fili jama'a na yi masa kirari, shida na ƙarshe kuwa bai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Mun ga ya kamata mu ba malamai da akawuna masu karanta wannan jarida labarinsa duka, na gudun da na kwanciyar, domin wanda ya riƙe ɗaya ya bar ɗaya bai san mutumin ba.

HANYAR GWANJA

Mai karatu zai fara tambaya, ƙaƙa aka yi mutum mai suna irin na gidajenmu ya zama gwanin ƙasar Gana? Amsar tana kan hanyar da ta ratsa ƙasar Birnin Gwari ɗin nan. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, yau fiye da shekara 500. Fatake kan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su yi yamma su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi wata da watanni kafin su kai kasuwar Salaga. Can suke sayen goron da ake kawowa daga kurmin Tonawa, watau mutanen Asante. Baturen nan Clapperton, da ya shigo daga bakin teku a ƙarshen 1825, ya gamu da ayarin Hausawa na komowa daga Gwanja, kuma hanyarsu ya bi har ya ratsa tsohuwar Birnin Gwari ya fita Zariya. Duk inda ayari ya saba yada zango, a kwana a tashi sai wani ya zauna saboda ciwo, wani saboda aure, wani saboda bashi, har wurin ya zama unguwa mai masallaci da liman da sarki.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan Salaga ya karye. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga ita kanta. Malamai da 'yan kasuwa suka bazu, wasu Kintampo, wasu Kete Krachi inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934, wasu Kumasi, wasu kuma Ankara ta bakin teku, wadda ake rubutawa Accra. Ko Alhasan Ɗantata ma ya yi zaman fatauci a can kafin ya komo gida. Zangunan nan ba Hausawa kaɗai ke cikinsu ba. Akwai Mosawa da Dagombawa da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani da Yarabawa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci, har yau kuwa haka abin yake.

An haifi Baba Yara ran 12 ga Oktoba 1936, ƙasar tana hannun Ingila tukuna. Sunansa na yanka Usman, mahaifinsa Sa'idu, a can kuwa Osman Seidu suke rubutawa. Sunayen nan, na yanka da na laƙabi, duk irin na mutanen zango ne, ba Bahaushen da zai ji su ya nemi tafinta. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba da ƙwallo ya fara neman abinci ba. Daga 1950 zuwa 1955 yaron sukuwa ne a filin tseren dawaki na Ankara, yana hawa wa masu dawaki. Wanda ya san sukuwa ya san ba a ɗora ƙato a kan dokin tsere, sai yaro marar nauyi mai ƙarfin hali, wanda ya iya zama a kan abin da ke gudu, ya kuma san lokacin da zai ja linzami da lokacin da zai sake shi. A ganinmu wannan makaranta ba ta tafi a banza ba, domin aikin ɗan gefe a ƙwallo shi ma sanin lokacin sakin gudu ne.

A 1955 ya shiga ƙungiyar Asante Kotoko ta Kumasi. An kafa ta a 1935, Sarkin Asante Prempeh na Biyu shi ne ubanta. Kotoko a bakinsu beguwa ke nan, ita ce tambarin Tonawa tun zamanin yaƙi, kirarinta kuwa shi ne in ka kashe dubu wasu dubu na tafe. Ga Batone wannan ƙungiya ba ta wasa kaɗai ba ce, darajar ƙasarsa ce ke sa jar riga ta shiga fili. Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a ce mai suna Usman ya zama abin alfaharinta, tare da wasu masu suna irin nasa, Dogo Moro a baya, Muhammadu Salisu a gefen hagu.

A shekarar nan dai aka kira shi ƙungiyar ƙasa, kuma a kanmu ya fara. Tun 1951 akwai wani kofi da ake kira Jalco, wanda wani kamfanin sayar da motoci ya bayar, ana karawa a kansa tsakanin Nijeriya da su, bana a Ikko baɗi a Ankara. Karon farko mu muka ci su 5 da nema. A 1955 aka je Ankara, 'yan wasanmu sanye da jajayen riguna irin na lokacin, aka tashi 7 ba ko ɗaya. Saurayin nan ya jefa biyu da ƙafarsa, mafi yawan sauran kuma shi ya shirya wa abokansa su. Daga ranar har yau, shekara 70 ke nan da 'yan kai, ba wata ƙasa a duniya da ta yi wa babbar ƙungiyar Nijeriya irin wannan ci. Mun san wannan ba labari ne mai daɗi a kunnen masu karatu ba, amma wanda ya kayar da kai a kokawa, in ka rage masa ƙarfi a wajen ba da labari, kanka ka rage wa.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana irin aikinsa, domin wasan lokacin ya bambanta da na yanzu. A zamanin nan 'yan gaba biyar ake jerawa, daga mai lamba 7 a gefen dama zuwa mai lamba 11 a gefen hagu, lambar riga kuwa wurin tsayuwar mutum take nunawa, ba zaɓensa ba ce. Mai lamba 7 ba ya yawo. Yana tsaye a bakin layi, kamar mai jiran mota, har a miƙo masa. Daga nan sai shi sai ɗan bayan da ke gabansa, ba mai taimakon wani. Dole ya wuce shi, ko da yanka ko da gudu, ya kai kusa da kwana, sa'an nan ya ɗago tamaula ta faɗo daidai kan abokinsa na tsakiya. Tamaular kuwa ta fata ce mai igiyar ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi. Fili da yawa ba ciyawa. A yawancin wasanni ba a canja wanda ya ji ciwo, sai dai ya ɗingisa har a tashi, su kuma 'yan baya sun san haka, ba sa tausayin ƙaurin kowa. Wannan ita ce sana'ar da Baba Yara ya ƙware a kanta. A ƙungiyar ƙasa yana dama, Salisu na hagu, a tsakaninsu ga Wilberforce Mfum da Edward Acquah da Aggrey Fynn. Masu tsakiya su ke cin yawancin ƙwallaye, su ake rubuta wa suna a takarda, amma waɗanda suka kalli wasan sun san daga inda abincin ke fitowa.

Kada a zaci mutanen Gana sun ba shi sarautar 'yan gefe ne don ba su ga wani ba. A 1957, shekarar da suka sami mulkin kansu, Stanley Matthews na Ingila ya zo musu baƙunci, shi ne kuwa mai lamba 7 da duniya duka ta sallama wa a lokacin. Ya buga wa Hearts of Oak ta Ankara 'yan wasanni, har aka yi masa naɗin sarkin ƙwallo. Watau sun ga ma'aunin da idonsu kafin su auna nasu. A shekarun da suka biyo Kotoko ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1958, ta ci gasar ƙungiyoyi a 1959, ta sake cin kofin a 1960, duk Baba Yara na gefen dama.

ƘUNGIYAR SHUGABAN ƘASA

Shugaba Kwame Nkrumah mutum ne da ya ɗauki ƙwallo da muhimmanci ƙwarai. Yana so duniya ta ga baƙar fata na iya yin abin da Bature ke yi, ya kuma lura cewa mutanen da ba sa karanta jawabinsa suna zuwa kallon wasa. Ya sa wa ƙungiyar ƙasa suna Black Stars, watau baƙaƙen taurari, ya ɗora wani mai himma, Ohene Djan, a kan sha'anin wasanni duka a 1960. Su biyun suka ƙulla wata shawara, a kafa ƙungiya guda ta gwanaye zalla, a ɗebo mutum biyu mafiya kyau daga kowace babbar ƙungiya, su zauna tare su yi horo tare, su riƙa karawa da sauran a gasa, in wasan ƙasa ya zo kuwa ga su a shirye. Aka sa mata suna Real Republikans, ana kwaikwayon Real Madrid, jama'a kuma suka riƙa ce mata ƙungiyar Osagyefo, laƙabin Nkrumah ke nan. Da aka zo kan Kotoko a 1961 sai aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro.

Kumasi ta yi fushi matuƙa, har Kotoko ta yi barazanar fita daga gasar. Dalilin bai tsaya ga ƙwallo ba. Kumasi ce cibiyar masu hamayya da Nkrumah tun 1954, saboda haka Tonawa suka ɗauka an miƙo hannu ne daga Ankara an cire musu tsoka daga miya da gangan. Mu da muke aikin ilmi mun san irin wannan dabara, domin a da, da haka ake ɗiban yara masu ƙwazo daga kowace elemantare a tara su a Midil, kuma ba mu musun tana da amfani. Republikans ta ci gasar ƙasa ta 1962 zuwa 1963, ta ci kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962. A watan Agusta 1962 Real Madrid da kanta ta zo Ankara, da Di Stefano da Puskas da Gento, ƙungiyar da ta ci kofin Turai sau biyar a jere, Black Stars ta yi kunnen doki da ita, 3 da 3. Amma akwai wata ƙa'ida da kowane gidan Hausa ya sani, wanda ya ɗauki ɗan wani riƙo, cinsa da suturarsa da jinyarsa sun hau kansa, ba kuwa na shekara ɗaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ran 24 ga Maris 1963 Republikans ta je Kpandu, a jihar Volta ta gabashin ƙasar, ta kara da wata ƙungiya mai suna Volta Heroes. Suka ci 5 da nema, suka kamo hanyar Ankara. Ƙasar wajen nan ta duwatsu ce, hanya na lanƙwasa. Da suka zo wata kwana a Kpeve sai motarsu ta zame ta bar hanya, ta daki gefen tudu. 'Yan wasa da dama suka ji raunuka, aka kai su asibitin Ho, daga can aka wuce da su asibitin soja na Ankara. Sauran suka warke suka koma fili. Baba Yara, wanda ke zaune kusa da ƙofa, a baya ya sami nasa raunin, ya taɓa laka. Shekararsa 26.

Ga waɗanda ke koyar da kiwon lafiya a makaranta, ga yadda abin yake. Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, wani bisa wani, yawancinsu da rami a tsakiyarsu. Ta cikin ramin nan laka ta bi, tun daga ƙwaƙwalwa har ƙugu, ita ce ke kai umurni ga hannu da ƙafa, ta kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓi. Ƙashi in ya karye maɗori na ɗora shi ya haɗe. Laka in ta yanke ba ta haɗewa, duk abin da ke ƙasa da wurin raunin sai ya daina jin kira, ko da naman ƙafar lafiyarsa lau. Shi ya sa muke roƙon malamai su riƙa gaya wa yara, in mota ta faɗi, kada a fizgo wanda ke kukan baya ko wuya, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, a naɗe shi a cusa a bayan mota kamar yadda aka saba a hanyoyinmu. A nemi ƙyaure ko faffaɗan katako a shimfiɗe shi a miƙe, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Sau da yawa ƙashi ne kaɗai ya karye a hatsarin, masu taimako su ke ƙarasa lakar da kyakkyawar niyya.

Gwamnatin Gana ba ta yi sakaci a wannan karon ba, gaskiya ce kuma dole a faɗe ta. Aka sa shi a jirgin sama, da likita daga asibitin soja yana rakiya, aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda a lokacin ba inda ya fi shi sanin ciwon laka. Wani likita ne, Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus da ya gudo daga mulkin Hitler, ya buɗe sashen a 1944 saboda sojan da suka ji rauni a yaƙi. Kafin shi mafi yawan masu wannan ciwo ba sa daɗewa, ba kuwa raunin ke kashe su ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara. Shi ya kafa dokar a riƙa juya majinyaci kowane sa'a biyu, dare da rana. Shi ne kuma ya mai da wasa magani. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olimpik a London, ya shirya wa majinyatansa 16 gasar harbin baka daga kan kekunansu, daga nan ne wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali. To, wurin da aka kai sarkin 'yan gefe ke nan, gidan da ake koya wa mutum yadda zai rayu a zaune. Labarin farko da ya iso gida ya sa wa mutane rai cewa cikin 'yan watanni zai miƙe. Ran 14 ga Agusta 1963 ya sauka Ankara a kan keken guragu.

Bayan wata uku da 'yan kwanaki aka buɗe gasar kofin Afirka a ƙasar Gana, abin da aka yi shekaru ana shiri dominsa, abin da aka raba shi da Kotoko saboda shi. Wannan ne karon farko da Nijeriya ta shiga gasar, a Kumasi aka ajiye mu, Masar ta ci mu 6 da 3, Sudan ta ci mu 4 da nema. Ran 1 ga Disamba Gana ta ci Sudan 3 da nema a wasan ƙarshe a Ankara. Aggrey Fynn ya jefa ɗaya, Edward Acquah biyu, dukansu abokansa ne a Republikans, waɗanda ya saba ɗago wa tamaula. Mai horar da su C. K. Gyamfi ne, wanda suka buga wa ƙasa tare. A 1964 suka je Olimpik a Tokyo, a 1965 suka sake cin kofin Afirka a Tunisiya, gefen kuwa ya koma hannun wani yaron Kotoko, Osei Kofi. A nan ne dalilin mantuwar yake. Littattafan tarihin ƙwallo da jerin waɗanda suka ci kofi suke farawa, sunan Baba Yara kuwa ba ya cikin jerin 1963, ba ya cikin na 1965. Talabijin ma sai a 1965 aka buɗe ta a Gana, shekara biyu bayan wasansa na ƙarshe. Abin da ya rage shi ne 'yan hotuna, da tsofaffin jaridu, da bakin waɗanda suka gani, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Yanzu mu koma kan maganar riƙo. Ran 24 ga Fabrairu 1966 soja suka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar tafiya ƙasashen Asiya, ya ƙare a gudun hijira a Gini. Aka sauke Ohene Djan. Aka rushe Real Republikans, 'yan wasanta kowa ya koma inda aka ɗauko shi ko ya nemi wata. Masu ƙafa ke nan. Shi kuwa wanda ya karye a cikin motarta, ƙungiyar da ya karye dominta ta daina wanzuwa, uban riƙon da ya ɗauko shi ba ya ƙasar. Wannan shi ne aibin da muke gani a dabarar nan tasu, an gina ta a kan mutum ɗaya, ranar da ya faɗi sai ta faɗi, alhali Kotoko da aka raba shi da ita tana nan har gobe. Ya ƙara shekara uku a kwance bayan haka. Ran 2 ga Mayu 1969 Allah ya yi masa rasuwa a asibitin Korle Bu na Ankara. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Wata shida da rasuwarsa, a Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba da umurni duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutanen zango suka ɗaure kaya, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Sakkwato ba. Dattawan garuruwanmu suna tune da zuwansu. Duk da haka zango bai daina ba Gana 'yan ƙwallo ba. Abdul Razak na Kumasi, ɗan wasan Kotoko, shi aka zaɓa gwanin Afirka duka a 1978, shekarar da suka ci kofin karo na uku, da shi da Muhammadu Polo na unguwar Nima ta Ankara. Daga Nima ɗin nan kuma Muhammadu Kudus ya fito, wanda ya jefa wa Koriya ta Kudu biyu a gasar kofin duniya ta 2022. Yaran Gayam sun san Kudus sarai, har suna gardamar ƙungiyar da ta fi dacewa da shi.

Kafin mu ga baiken mutanen Gana sai mu duba namu. A 1949, da 'yan wasan Nijeriya 18 suka tafi Ingila a jirgin ruwa, yawancinsu suna wasa ba takalmi, akwai John Dankaro daga Jos a cikinsu. Malamai nawa ne a Arewa za su iya ba da labarinsa na minti biyar? Kowace makarantar Midil da kowace kwalejin horon malamai ta yi gwanayenta, waɗanda gari kan fito kallo dominsu, amma littafin da ke ofishin hedimasta yakan rubuta ranar da aka yi wasa da yadda aka tashi, ba ya rubuta wanda ya buga.

Filin Kumasi kamfanin UAC ne ya gina shi, aka buɗe shi a 1959, Baba Yara ya yi wasa a cikinsa yana ɗan Kotoko. Sai a zamanin Shugaba John Kufuor, fiye da shekara 30 bayan rasuwarsa, aka sa masa sunansa. Wasan da yaron Gayam ya ji a rediyo kuwa, na neman shiga gasar kofin duniya ne, an yi shi ran 25 ga Maris 2022, watau shekara 59 da kwana ɗaya bayan hatsarin Kpeve. Aka tashi ba wanda ya ci wani. Bayan kwana huɗu aka sake karawa a Abuja aka yi 1 da 1, Gana ta wuce saboda ƙwallon da ta ci a waje, mu muka zauna gida.